Hannu Na Takwas

Ja ce, mai ƙofa biyu,
gajera kamar ta durƙusa gaisuwa.
Na saye ta a Bukur hannun magada,
su huɗu, kowa na son kasonsa kafin la'asar.
Suka ce marigayi bai taɓa barin ta ta yi tari ba.
Na yarda. Mai so ba ya leƙa ƙarƙashi.

Kwana tara ta yi mini ladabi.
Ran na goma, a gangaren Gada Biyu,
na taka birki, ƙafata ta nutse kamar cikin kunu.

Dalyop na Farin Gada ya ɗaga ta a jak,
ya shige ƙasa da tocila a baki,
ya daɗe har na ɗauka barci ya kwashe shi.
Da ya fito bai ce uffan ba,
sai ya shimfiɗa buhu, ya shiga jera mini:
igiyar shanya inda ƙarfe ya kamata,
ƙusa inci uku an lanƙwasa ta tana riƙe da rai,
takardar kwalin sigari a gurbin fis,
sabulu a hujin tanki,
garin rogo ya yi tuwo cikin lagireto.
Noti biyar a taya guda,
babu biyu da suka haɗa uba.

"Wannan aikin mutum bakwai ne," in ji shi,
"kuma kowannensu sauri yake yi."

Na tsuguna ina karanta su kamar wasiƙu.
Wannan dare ne ya yi masa a hanya.
Wannan ya karɓi kuɗin sabo, ya ɗaura tsoho,
ya shafe shaida da baƙin mai.
Mai walda ya ƙona har abin da bai karye ba.
Wani ya yanke jar waya ya aura mata shuɗiya,
ya naɗe da leda, ya ce Allah ya kiyaye,
shi ya sa in na kunna fitila
sai mashariyar gilashi ta amsa.

Na zage su. Ba zan ɓoye ba.
Na zagi mutanen da ban san fuskarsu ba.

A Dilimi, Okwudili ya juya ƙarfen a tafin hannu,
ya ce irin wannan sai Legas, mako uku.
Ya iso bayan mako bakwai,
na hagu ne, ni kuwa na dama nake nema.

Asabar ta zama tata.
Sanyin Jos na cizon yatsu,
ɗiyata Kulu na riƙe da tocila,
ta haddace sufana tun kafin ta gama haddace sau:
sha uku, sha bakwai, da goman da kullum ke ɓacewa.
Muka kwance ƙarya ɗaya bayan ɗaya,
muka ɗaure gaskiya a ƙirga, ba da zuciya ba.
Albashi biyu suka tafi, da fatar 'yan yatsu.

Ran da ta warke na kai ta Hawan Kibo.
Ta ci kwana kamar wuƙa a kabewa,
muryarta na dukan duwatsu tana dawo mini,
na manta gemuna ya yi furfura.

A hanyar dawowa, wajen Riyom, magariba ta rufa,
tiyon ruwa ya fashe, tururi ya turnuƙe.
Ba gareji, ba sabis, ba Dalyop.
Na zare igiyar takalmina,
na yanki robar tayar keke da wani yaro ya miƙo,
na naɗe, na ɗaure, na ce Allah ya kiyaye,
gobe da sassafe zan sa sabo.

Yau wata shida ke nan.
Igiyar tana nan, ba ta ɗiga ba.

Jiya Kulu ta buɗe bonet ta gan ta.
Ta ce, "Baba, wane sakarai ne ya yi wannan?"
Na ce miƙo mini sha uku.