Wilin Mota a Jikin Ɗorawa

Da can nan gonar Cindo ce,
gero ke tsaye inda ɗakin karatu yake yau.
Ya ce, "Ku ɗauka, ba sayarwa nake ba,
amma ku bar min ɗorawata."

Mu muka kwaɓa ƙasa, mu muka buga tubali.
Delu mai ƙosai ta kawo kwano bandir ɗaya,
kwasar adashinta ta shekara.
Aji biyu, malami ɗaya da kekensa,
ɗalibai goma sha bakwai,
rabinsu da kantar fartanya a hannu.
Ƙararrawa kuwa wilin mota ne,
ni na rataye shi, ni ke bugawa.

A hankali birni ya miƙo ƙafa,
ya haɗiye Ɗanbare har da burtali.
Yau a-daidaita-sahu ke layi a bakin ƙofa,
ga bene hawa uku,
jikar Delu ke koyar da aikin jinya.

Jiya sabon shugaba ya ce a sare ɗorawa,
wai motoci sun rasa wurin tsayawa.
Na je gindinta na zauna da sandata.
Cindo ya riga mu gidan gaskiya,
amma ina wurin
ran da aka yi alkawari.