Sikelin Tashar Agadas

Shekara tara ina rataya kaya a ƙugiyar sikeli,
nan Damagaram, bayan rumfar masu shayi,
inda mota ke tashi kafin ladanin Birni ya gyara murya.
Karatuna ɗaya ne, na allura:
in ta tsaya kan ashirin, Allah ya kiyaye hanya,
in ta haura, kowane kilo dala arba'in.

Da can kayan maza nake aunawa,
bargo da cokalin gini naɗe cikin tsumma.
Shekarar da wuta ta kama Turabulus
sai ga magina an jibgo su kamar buhunan albasa,
wani ko takalmi babu.
Gini ya tsaya, amma yaƙi bai hana kwano yin dauɗa ba.
Gidajen Sabha na neman mai wanki,
mai raino, mai juya tsoho bisa gado,
tunda masu yi sun hau jirgi sun tsere.
Aka ce albashi ya ninka.
Maganar ta shiga Garin Malam, ta ratsa Karkada,
kafin Juma'a ta kwana a Kance.

Sai ga su.

Jakar mace ba ta ɓoye wa mai awo komai:
kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a gwangwanin madara.
Barira ta ƙulle barkono tiya guda,
wai ko an hana ta magana, ba a hana ta yaji ba.
Magaram ta zo da ɗan turminta.
Na ce shi kaɗai kilo shida ne.
Ta ce, "In na bar shi, da haƙuri zan yi daka?"
Ta kwance bakin zane ta biya.

Wata 'yar Mirya ta miƙo mini yaro cikin majanyi,
ta ce, "Auna, in san abin da na bari."
Sha ɗaya da rabi.
Ta maimaita sau uku kamar lambar waya,
ta ɗora shi a bayan kakarsa, ba ta waiwaya ba.

Wata Alhamis, bayan kakar da ba ta rufe gindin rumbu ba,
Tsahara ta dire jaka a gabana.
Nononta na karɓa, ita ta goye ni.
Na ce, "Yaya, harbi fa ake yi can."
Ta ce, "Harsashi yana kuskure, Ɗan Jimo.
Ka taɓa jin yunwa ta yi?"
Sha tara.
Ran nan na so allura ta yi mini ƙarya,
ta zarce ɗari, direba ya ce a sauke.
Sikeli ba shi da 'yar'uwa.

Wata biyar saƙo na zuwa ta shagon Tambari a Kasuwar Dole:
kwanon rufi, tunkiya biyu, kuɗin lakwal na Isufu.
In ta kira, ina jin wani abu a bayan muryarta
kamar ana zubar da itace daga amalanke.
Ta ce biki ake yi a maƙwabta.
A wata na shida waya ta daina shiga.

Bana Barira ta dawo da tari da ƙaramin firji,
da jakar nan mai igiya shuɗiya.
Ta ce Tsahara ta sauya gida, ta yi wajen bakin teku,
ta ce a riƙe mata wannan, tana nan tafe.
Ba a auna kayan da suka sauka,
amma da tasha ta watse na rataya ta.
Bakwai.

Ban buɗe ba.
Tana ƙarƙashin teburina, na lulluɓe ta da buhu.
Sha biyun da suka rage nake lissafi da dare,
ban san a hannun wa suke ba.

Gobe Alhamis.
Mata goma sha huɗu sun ba da suna.
Na goge ƙugiya, na mai da allura kan sifiri.