Mai Tsaron Kujerun Igiya

Shekara ashirin da bakwai ina tsaye a nan,
a gindin tsaunin da aka yanke cibiyata,
ina sauke ƙarfen tsaro a cinyar baƙi,
ina ce musu a sauka lafiya.
Kujera ta zo, kujera ta tafi.
Sunana Anselme. Ba mai tambaya.

Bana tikitin yini ɗaya
ya taka yuro saba'in da tara.
Ban da hayar takalma, ban da allunan zamiya,
ban da hular kwano,
ban da wurin ajiye mota,
wanda shi ma ya yi baki ya koyi ci.
Na buga lissafi a bayan takardar albashi:
uba, uwa, yara biyu, ɗakin kwana, mako guda.
Wata ukuna ne cur,
har da ranakun da yatsuna suka daina jin kansu.

Gangaren nan da suke kira Baƙar Hanya
makiyayar kakana ce.
Shanu goma sha ɗaya, kowace da muryar ƙararrawarta.
Inda Philomène ke juya cuku a tukunyar tagulla
yau ana sayar da shayi kofi ɗaya
a kuɗin burodinmu na kwana huɗu.
Allunan babana na katako suna can a bango,
an goge su, an shafe da mai, sun zama ado.
Sau ɗaya na shiga in gaishe su.
Wani yaro mai farar riga ya tare ni:
ko na kama tebur tun jiya?

Dusar ƙanƙarar ma ta koyi rowa.
Ta makara, ta zo a tsaitsaye, ta koma.
Sai kamfani ya jera injuna, baki a sama,
suna zuƙe tafkinmu da dare
suna fesar da farin gari a kan duwatsu.
Wannan ma an zuba shi a tikiti.

Gidajen ƙauye sun rufe ido.
Masu su na birni, sai mako biyu a shekara.
Makaranta ta zama shagon tabarau.
'Yata Solène ta gangara kwari
inda haya ba ta yanka wuya,
kullum bas ɗin biyar da kwata ke hauro da ita
ta gyara gadajen da ba za ta taɓa kwana a kai ba.

Ni ina da katin ma'aikata, da hotona a jiki.
Ba ya buɗe ƙofa ga jika.

Maëlys, shekara bakwai, haƙori biyu babu,
ta manna hanci a gilashin ɗakina na katako
tana ƙirga jajayen riguna masu sulalowa.
Ta ce, Kaka, dutsen na wa ne?
Na yi kamar igiya ta sarƙe.
Na fita na duba abin da bai lalace ba.

Daren Lahadi, bayan injin ya yi shiru,
na ɗauko tsofaffin allunan uwarta daga rufi.
Muka bi bayan maƙabarta
zuwa gonar tsoho Célestin,
wanda sau shida ya kori masu jakar takardu.
Ba fitila, ba kujera. Wata kaɗai, shi ma rabi.
Minti arba'in muna hawa,
tana taka sawuna, tana haki,
minti biyu muka sauko.
Ta faɗi sau uku. Ta tashi da dusa a baki
tana dariyar da ta tada karen Célestin.

Ta ce, a sake.

Gwiwoyina suka ce a'a.
Muka sake.

Da safe na makara da minti shida.
Shugaba ya rubuta a littafi,
ni kuwa na sauke ƙarfe a cinyar wani mai agogon zinari
na ce masa a sauka lafiya.