Motar da Ba Ta da Ribas

Shekara shida Baba ya yi a layi
kafin sunansa ya fito a takarda.
Fiyat ce 'yar mitsitsiya, launin gwaiduwar ƙwai,
a nan Żywiec kowa Maluch yake ce mata.
Mu huɗu muke dunƙulewa ciki, gwiwa a haɓa,
buhun dankali a cinyar Mama, mu kama hanya.

Baba ya rasu, injin ya bi shi.
Shekara sha ɗaya tana rumfa,
kaji na saka ƙwai a kujerar baya.

Sai ƙanena Wiesiek ya faɗi da babur
a kwanar da ke gangarowa daga Korbielów.
Ƙafar hagu ta karye wuri uku.
Babur ya tashi daga aiki, injinsa ko ƙwarzane.
Da sanduna biyu ya shiga rumfar nan,
wata bakwai ina jin guduma da ashar,
ran nan ya miƙo min makulli yana dariya.

Ya ce, “Jadzia, zuciyar matashi ce a ƙirjin tsohuwa,
ki bi ta a hankali.”
Bai gaya min ita ba ta san hankali ba.
In na lallaɓa totur sai ta mutu,
in na taka sai ta zabura,
kamar an taka wa kyanwa wutsiya.

Ƙarfe uku na dare nake fita gidan burodi.
Unguwa tsit, dusar ƙanƙara ta rufe shinge.
Ina murɗa makulli karnuka su amsa,
tagar Pani Stasia ta kawo haske.
Ta daina amsa gaisuwata a coci,
ni kuwa na daina jin kunya.

A danjar bakin gada ake gane mu.
Kuloci ba shi da tsakiya, ko kama ko saki.
Sau biyu ta mace min jiya,
mai tirela a bayana ya kwanta kan hon,
na uku muka tashi da kururuwa
har madubi na rawa, haƙorana na haɗuwa,
rediyo na motsa baki ba a jin ko kalma ɗaya.
Hita babu. Bargon Mama nake yafawa,
ina goge gilashi da hannun riga,
yatsu sun ƙage a kan sandar giya.

Giya shida gare ta, duka na gaba.
Babur bai san ribas ba, ita ma ta manta.
Kafin in tsaya sai na karanta ƙasa,
ina gangare, ina mafita,
wa zai zo ya toshe ni da jibgegiyar motarsa.
In lissafi ya ɓaci, in buɗe ƙofa,
in zuro ƙafa ɗaya waje in dinga turawa,
ni da garin fulawa a gira, shekara hamsin da ɗaya.

Ranar Alhamis nake kai Wiesiek gashin ƙashi.
Sanduna a baya, inda kaji suka taɓa kwana.
Bayan masaƙar da aka rufe akwai miƙaƙƙen titi,
can yake cewa, “Sake ta.”
In sake ta.
Allura ta haura dubu tara,
ƙarar ta sirance ta koma kamar zare,
shi kuwa ya rufe ido,
hannunsa na dama na murɗa iska a kan gwiwa.
Ba na kallonsa. Ina kallon hanya.

A ƙofar asibiti wani ya sake tare mu.
Ya ce bari ya fita ya tura.
Na ce zauna, gurgu, riƙe min sitiyari.
Na cire safar hannu, na dafa hancinta,
ƙarfen da sanyi, tana ta huci ta baya.