Tsinke Bakwai

Daren jajibirin biki muka buɗe akwatin,
ni da Rayen, a ɗakin sama
inda ake jiyo kukan jiragen ruwan Valparaíso.
Mayafin uwarta, da muka naɗe shekara ashirin da shida
da ɓawon lemo a tsakani,
muka ɗaga shi ga fitila.
Ashe asu ya riga mu.
Huda nan, huda can, sai ka ce rariya.
Ta zura yatsa ta wannan, ta leƙo ni ta waccan,
ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Na ce, kantin Ofelia bai rufe ba,
akwai fari sol mai jan ƙasa.
Ta ce, Gwaggo, ba na son na kanti.
Baltasar ya san fuskar nan tun ina da giɓi,
me ya rage da zan ɓoye masa?

Ubanta yana ƙasa, bai ce uffan ba.
Eleodoro mai gyaran agogo,
mutumin da magana ke yi wa tsada.
Mun dai ji an ja kujera,
haske na fita ta ƙasan ƙofar shago
har motar burodi ta wuce da asuba.

Da safe ya hawo da farantin shayi,
ba kofi a kai.
Tsinken gashi ne guda bakwai.
Ya farke agogon hannun marigayiya,
wanda ya tsaya ranar da aka kai ta asibiti
ya kuma ƙi tayar da shi,
shi da ke tayar da na kowa.
Kan kowane tsinke ɗan gargare mai haƙora,
ɗaya da jan dutse bai kai ƙwayar riɗi ba,
na bakwai ɗauke da hannun daƙiƙa.
Ya ce mini, kar ki danna da ƙarfi, tagulla ce.
Ya sauka.

Shekara talatin ina taje kan mutane,
hannuna bai taɓa rawa ba sai ranar.
Gashin Rayen irin na uwarta ne,
baƙi wuluk, mai taurin kai, ba ya kwanciya don lallashi.
Na tsaga, na kama daga kunnen hagu,
na bi da kitson ta ƙeya
yadda hanyar unguwarmu ke hawa tudu,
kwana bayan kwana.
Gefen mayafin da asu ya raga mana
na yanko da almakashi, faɗin yatsa biyu,
na saƙa shi cikin kitson.
Daga nesa ba a gani.
Ba don na nesa na sa ba.
Sai furen yasmin uku da na sato ta katangar Clorinda,
sai tsinkayen, ɗaya bayan ɗaya,
ina ƙirgawa a zuci.

A ƙofar coci iskar teku ta taso,
iskar nan da bara ta fizge lulluɓin wata amarya
ta rataye shi kan wayar lantarki har sati biyu.
Ta zagaya Rayen, ta laluba, ba ta sami abin kamawa ba.
Clorinda ta taɓe baki: amarya kai tsirara?
Ta matso, ta sunsuna furenta, ta gane shi,
ta harare ni, ta yi shiru.

Wajen rawa aka tura Eleodoro tsakar fili.
Bai iya ba, ƙafarsa biyu duk hagu.
Ya riƙe ɗiyarsa, ya sunkuya,
ya kara kunne ga kitson
kamar yadda yake yi wa agogon mutane a shago.
Ya daɗe.

Ina tattara kofuna na tambaye shi me ya ji.
Ya goge tabarau da bakin riga.
Ya ce, yana tafiya.

Shida muka zare da dare.
Na bakwai har yau ba mu gan shi ba.