Hannayen Tangaran

Tanka ta iso Bukuru da asuba,
kwana uku a hanya daga kurmi,
cikinta farin ruwan da itacen roba ya zubar inda aka tsaga shi.
Na buɗe murfi, warin amoniya ya mare ni,
hawaye suka zo ba a yi mutuwa ba.

Ɗanye ne tukuna.
Abin da aka yi da shi a haka,
rana ta taɓa shi ya yi danƙo,
sanyin Jos ya taɓa shi ya sandare.
Sai an yi masa tarbiyya:
farar wuta, awo kaɗan, niƙaƙƙiya lilis,
farin garin zinki,
zafi daidai na ɗumamen tuwo,
muciyar ƙarfe na juyawa a hankali kada kumfa ta tashi,
don kumfa ɗaya huda ɗaya ce.
Sannan a rufe shi kwana biyu,
yadda kakata ke rufe daddawa ta hana kowa leƙawa.

Chundung ce ke tsaron layi.
Hannayen tangaran ɗari biyu,
babu na dama, babu na hagu,
su sunkuya cikin kwatarniya, su ɗago da sabuwar fata.
Ba su taɓa gaisawa da kowa ba.

Manaja Barau ya shigo da takardar kuɗin dizal.
"Wannan wankin ruwan zafin fa, Malam Jatau,
a rage shi mana. Wa zai gani?"

Sai na ga hannun ƙanwata Tabawa,
ungozoma a Farin Gada,
shekarar da safar hannu mai araha ta fesa mata ƙuraje har gwiwar hannu,
ta kwana susa, ta wayi gari karɓar haihuwa.
Abin da ruwan zafi bai wanke ba,
fatarta ce ta shanye shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a cire hita daga ofishina,
ina da rigar sanyi."
Ya dube ni, ya dubi takarda,
ya fita bai ce uffan ba.
Har yau ban san ko na ci ba.

Da yamma na zari safa ɗaya daga kwali,
na ɗura mata ruwa lita guda, na rataye.
Ta kumbura kamar hantsar saniya, yatsu biyar suna kallon ƙasa.
Minti biyu ban ƙifta ba.
Ko ɗigo.

Chundung ta kashe fitila,
ta ce motar gida ba ta jiran kowa.