Taya ta Biyar

Tun ranar Talata ta kunnu,
wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a bayan sitiyari,
siffarta kamar tukunya da muciya tsaye a ciki.
Ba ta ƙara, ba ta ƙiftawa,
kallona kawai take yi
daga Karkada har asibitin Mirriya,
ta kuma rako ni gida da la'asar.

Ni da nake ɗaura wa mata awo a damtse,
in matsa, in saurara,
in ce jini ya hau, a rage gishiri,
yau ga ƙarfe yana gaya mini iska ta sauka,
bai kuma faɗi a wace ƙafa ba.

Direban maƙwabcinmu ya leƙo ya yi dariya:
"Motar Kwatano ce, da tseguminta ta zo.
Manna mata baƙin salatif ki huta."
Na saya, ba zan ɓoye ba.
Kwana uku yana cikin jakata
tare da makullai da ɓarin goro.

Sai Asabar da sassafe, kafin titi ya ɗau zafi,
na tsaya wajen Mutari mai faci,
gindin dogon yaro, bayan Kasuwar Dole.
"Gara da kika zo da sanyi," in ji shi,
"taya mai zafi ba ta faɗin gaskiya."
Ya buɗe ƙofata, ya bi 'yar takardar da ke manne a gefe
da yatsa mai baƙin mai:
biyu da ɗigo uku.

Gaba dama, daidai.
Gaba hagu, daidai.
Ya tofa yawu a bakin bawul, ya jira kumfa. Shiru.
Na baya ya yayyafa musu ruwan sabulu,
kaɗan-kaɗan,
don a Damagaram ko kumfa da kuɗinta.
Ba ƙusa, ba ƙayar aduwa, ba tsaga.
Huɗu lafiya lau.
Fitila tana nan, ko gezau.

Mutari ya sosa ƙeya.
Yaronsa Tsahiru, da bai ce uffan ba tun zuwana,
ya zagaya baya, ya ɗaga but,
ya kawar da jarka da tsohuwar darduma,
ya danna da babban yatsa.
Ta lotsa kamar salkar da aka manta a rataye.
"Ita ma da kunne a cikinta," in ji yaron,
"ita ce ke kuka. Yaushe rabonki da ita?"

Ban amsa ba.
Gwaggo Barira ce ta faɗo mini,
can cikin Birni, a bayan babban dutse,
wadda ake aika wa yaro in naƙuda ta tashi,
in an yi rashi, in ina kwanan aiki ba mai riƙe mini yara.
Sau biyu ta kira ni makon jiya.
Na ce zan kira.

Injin iska ya yi tari, ya kama.
Tayar ta cika tana ɗaukar numfashi.
Mutari ya durƙusa ya nuna mini wani maɓalli
a ɓoye ƙarƙashin sitiyari:
"Danna ki riƙe har ta ƙifta sau uku.
Sannan ki ɗan taka, sai ta ji hanya take yarda."
Na miƙa masa jaka guda, ya ƙirgo mini canji.
"Ɗaya na sha wa iska, Malama."

Kafin shataletale fitilar ta mutu.
Ban yi kwanar gida ba.
Na sayi alkaki na dala hamsin,
na ajiye mota inda lungu ya ƙi ta,
na ɗauki abin awona na shiga da ƙafa.

Ta ɗaga labule, ta dube ni sama da ƙasa.
"Wa ya haihu?"
Na ce babu.
"Wa ya rasu?"
Na ce babu, Gwaggo.
Zauna, miƙo mini hannunki.